Gwajin DNA, jinotayif da rukunin jini: wai mene ne DNA ɗin nan, kuma da me aka gina shi?

Tun da gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a watan Mayun 2024, wadda ta ce sai ango da amarya sun kawo takardar gwajin jinotayif da na ƙanjamau da ciwon hanta kafin a ɗaura, ga kuma cece-kucen da ba ya ƙarewa a Facebook da TikTok kan magidantan da ke kai yaransu gwajin DNA, sai kalmar nan ta shiga bakin kowa, daga teburin mai shayi har wajen ɗaurin aure. Amma fa abubuwa uku ake dunƙulewa a kira su da suna ɗaya. Za ka ji mutum ya ce ai mun yi DNA, ni O ne ita kuma AS ce, alhali O rukunin jini ne, AS jinotayif ne, kuma duk cikinsu ba wanda aka karanta DNA ɗinsa. Ita ma kalmar "ƙwayoyin halitta" da ake yawan faɗa a rediyo ba ta sauƙaƙa lamarin ba, yau tana nufin sel, gobe DNA, jibi ƙwayar gado.

Ruɗanin ba zai warware ba sai an koma kan abin kansa, a ga da me aka yi shi da yadda aka tsara shi, don daga nan ne ake gane abin da kowane gwaji zai iya faɗa da wanda ba zai iya ba.

Kalmomi huɗu tukuna

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, su ake ce wa sel, wajen tiriliyan 30. A tsakiyar sel akwai cibiya, a cikinta DNA yake zaune, wani dogon zare ne siriri. Zaren ba guda ɗaya ba ne, ya kasu gida 46, kowane kashi an naɗe shi tsaf, shi ne kuromosom, 23 daga uwa 23 daga uba. Ƙwayar gado kuma wani yanki ne na zaren da ke ɗauke da umarnin yadda za a haɗa furotin guda, wato irin sinadaran da ke gina jiki suna yi masa aiki, mutum na da wajen 20,000 irinsu. Jinotayif shi ne irin kwafi biyun da ka gada a wani gurbi, ɗaya na uwa ɗaya na uba. A kimiyya kowane gurbi da nasa jinotayif ɗin, mu ne dai muka keɓe kalmar ga gurbin sikila.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, jajayen ƙwayoyin jini da suka nuna ba su da cibiya, wato ba su da DNA ɗin. In an ɗebi jini don gwajin DNA, daga fararen ƙwayoyin jini ake ciro shi, shi ya sa ma ba sai an huda yaro da allura ba, audugar da aka goga a cikin kumatu ta isa.

Da me aka gina shi

Sinadarai biyar ne kacal: kabon, haidirojin, oksijin, naitirojin da fosfarus. Manomi ya san biyun ƙarshe ko bai san sunansu ba, su ne N da P ɗin da ke jikin buhun takin NPK, kuma ɗaya daga cikin dalilan da shuka ke buƙatarsu kenan, duk sabon sel da za ta yi sai ta gina masa DNA.

Ka ɗauki zaren kamar carbi. Kowace ƙwayar carbin ana ce mata nukiliyotaid, kuma abu uku ne a haɗe: sukari, fosfet, da harafi. Sukarin ba na shayi ba ne, wani ne mai kabon biyar da ake kira diyoksiraibos, shi ne D ɗin da ke farkon sunan. Ma'anar sunan ita ce sukarin raibos da aka rage masa oksijin ɗaya, a kan kabon na biyu. Wannan oksijin ɗaya tak shi ne babban bambancin DNA da ɗan uwansa RNA, shi RNA yana da shi, kuma shi ke sa ya saurin tsinkewa, DNA kuwa da ba shi da shi sai ya zama mai jure zamani, har an karanta wanda aka ciro daga haƙoran wasu giwayen da suka ƙare a duniya, masu shekara sama da miliyan 1, da ƙanƙarar Saiberiya ta adana.

Fosfet shi ke ƙulla sukarin wannan ƙwaya da na ta gaba, sukari fosfet sukari fosfet har ƙarshen zare, wannan shi ne ƙashin bayan. Shi ne kuma ya sa DNA ya zama asid, A ɗin ƙarshen sunan kenan, kuma yana ɗauke da cajin negatif irin na gindin batir. A riƙe wannan, don da shi ake aiki a lab: in aka sa guntayen DNA cikin wani abu mai kauri kamar kamu aka saki lantarki, duk sai su nufi ɓangaren fozitif, gajeru su riga dogaye isa, a haka ake auna tsawonsu.

Sai haruffan, su huɗu: adenin, timin, guwanin da saitosin, ana taƙaita su A, T, G, C. Ƙashin bayan iri ɗaya ne a jikin mutum da akuya da gero da sauro, jerin haruffan ne ya bambanta. A da G manya ne, zobe biyu gare su, T da C ƙanana ne masu zobe ɗaya.

Tsani mai murɗa

Zaren ba falle ɗaya ba ne, biyu ne suka murɗe juna kamar tufkar igiya, sai dai tsakaninsu akwai matakai kamar na tsani. Ƙashin bayan yana waje inda ruwa yake, haruffan suna ciki suna fuskantar juna, kowane mataki harafi biyu ne, ɗaya daga nan ɗaya daga can. Kuma ba a haɗa su barkatai, A da T take tafiya, G kuma da C, kullum babba da ƙarami, shi ya sa faɗin tsanin ba ya canzawa, nanomita 2 ne daga farko har ƙarshe. Nanomita kuwa shi ne ka raba milimita ɗaya gida miliyan, wato sai ka jera zaren wajen 40,000 kafin su kai kaurin gashi guda.

Abin da ke riƙe harafi da abokinsa wani ɗauri ne mara ƙarfi na haidirojin, biyu tsakanin A da T, uku tsakanin G da C. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne, amma in suka taru miliyoyi sai su riƙe gam kamar haƙoran zif, ga kuma matakan sun hau kan juna kamar an jera sulalla, wanda shi ma yana ba da ƙarfi sosai. Hikimar ita ce ƙashin baya yana da ƙarfi ba ya tsinkewa da wasa, tsakiya kuma ana iya zuge ta a karanta a mayar. A lab da zafi ake zugewa, wajen digiri 95, abin da injin PCR ke yi kenan, wanda mutane suka san sunansa lokacin korona.

Fallayen biyu kwanciyar kai da ƙafa suke yi, inda wannan ya sa kai nan wancan ya sa ƙafa. Tazarar mataki da mataki nanomita 0.34 ce, kuma duk bayan mataki 10 da ɗan ɗori tsanin ya zagayo sau ɗaya, murɗawar ta hannun dama ce. Kwafin da ka gada daga uwa yana da matakai wajen biliyan 3.1, na uba ma kusan haka, in ka lissafa za ka ga DNA ɗin sel ɗaya in an miƙe shi ya kai mita 2. Yadda ya shiga cibiyar da ido ba ya gani shi ne an naɗe shi a jikin wasu furotin da ake kira histon kamar zare a jikin ƙwarƙwaro, matakai 147 a kowane naɗi, sannan a sake naɗe naɗin.

Daga wannan tsari gado ya fito. Tunda A sai T, G sai C, in ka san falle ɗaya ka san ɗayan, to idan sel zai rabu biyu sai a zuge tsanin, kowane falle a gina masa sabon aboki, a samu kwafi biyu iri ɗaya.

Yadda aka gano, da gardamar wa ya cancanci yabo

Wani likita ɗan Suwizalan, Friedrich Miescher, shi ya fara ware sinadarin a 1869 a Tübingen ta Jamus, daga mugunyar da ke jikin bandejin asibiti. Shekaru kusan 75 ba a ɗauke shi da muhimmanci ba, ana ganin abu mai harafi huɗu ya yi kaɗan ya ɗauki gado, furotin ake zato. Sai a 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa a Niyok suka nuna DNA ne ke sauya wa ƙwayar cutar nimoniya hali. A 1950 Erwin Chargaff ya auna ya ga duk halittar da ya duba yawan A daidai yake da T, na G daidai da C, bai dai gano dalili ba. A watan Mayun 1952 aka ɗauki shahararren hoton DNA ɗin nan na X-ray mai lamba 51 a King's College ta Landan, ɗalibi Raymond Gosling ne ya ɗauka ƙarƙashin Rosalind Franklin, sannan ranar 25 ga Afrilun 1953 James Watson da Francis Crick na Kambirij suka wallafa tsarin tsanin a mujallar Nature.

Kyautar Nobel ta 1962 ta tafi ga Watson da Crick da Maurice Wilkins na King's College. Franklin ta rasu a 1958 tana da shekara 37, kuma ba a ba mamaci kyautar. Masu cewa an zalunce ta suna kafa hujja da cewa an nuna wa Watson hoton ba da saninta ba, kuma ma'aunanta sun isa Kambirij ta wani rahoto ba ta hannunta ba. Masu ɗaya ra'ayin suna cewa haɗa A da T, G da C, da gane kwanciyar kai da ƙafa aikin Watson da Crick ne, kuma takardarta ta fito a mujalla ɗaya rana ɗaya da tasu. Abin da ɓangarorin biyu ba sa musu a kai shi ne ba don ma'aunanta ba da tsarin bai fito a lokacin ba.

Harafi ɗaya, shi ne sikila

A Hausa ƙugiya ɗaya ce ta raba baki da baƙi. Haka abin yake a nan. Sel yana karanta haruffan uku-uku ne, kowane uku suna nufin tubali ɗaya cikin tubala 20 da ake gina furotin da su. A kan kuromosom na 11 akwai ƙwayar gadon da ke gina wani sashe na himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini, sashen yana da tubali 146. A wajen tubali na 6 mai himogulobin A yana da GAG, mai S kuma GTG, harafin T ya zauna a mazaunin harafin A, shikenan. GAG na kawo tubalin gulutamik asid mai caji mai shiri da ruwa, GTG kuma na kawo balin, wanda ba shi da caji kuma ba ya shiri da ruwa kamar dai mai, to da zarar oksijin ya yi ƙasa sai himogulobin ɗin su riƙa manne wa juna su zama dogayen sanduna, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwon ƙashin nan da masu amosanin jini ke kwana da shi kenan, kuma maimakon ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Shi kuma C da ake gani a AC da SC, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, gurbin ɗaya ne, GAG ce ta koma AAG.

Kusan ɗan Najeriya ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana haifar jarirai wajen 150,000 da cutar duk shekara. Dalilin yawansa a yankinmu maleriya ce, mai AS ya fi tsira daga mai tsananinta yana yaro, Anthony Allison ya nuna haka a gabashin Afirka a 1954.

Yanzu ga inda ruɗanin yake. Gwajin jinotayif da ake yi a yawancin asibitocinmu ba DNA yake karantawa ba, himogulobin ɗin yake dubawa, a sa masa lantarki a ga gudunsa, S da ya rasa caji sai A ta wuce shi. Saboda haka wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce sakamakonsa na iya ruɗarwa don jinin wani na yawo a jikinsa, haka jaririn da bai kai wata shida ba wanda har yanzu himogulobin ɗin ciki bai gama barinsa ba. In ka ji an ce jinotayif ɗin wane ya canza daga AS zuwa AA, ba harafin ne ya canza ba, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ne bai yi daidai ba, kuma maganar aure ta isa a maimaita a wani wurin. Sannan AS da AS in sun yi aure, kowane ciki da kansa yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa SS, ba wai ɗa na huɗu ne zai zo da shi ba kamar yadda ake faɗa, za a iya haifar huɗu ba ko ɗaya, za a iya samun uku a jere. Rukunin jini na A, B, AB da O kuwa gurbinsa daban a kuromosom na 9, A ɗin can ba ruwanta da A ɗin nan.

Maganin sikila na gyaran DNA ya fito, Casgevy, Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba. Ba ya gyara harafin, yana sake kunna himogulobin ɗin jarirai ne. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, don haka a nan har yanzu gwaji kafin aure da kula da wanda aka riga aka haifa su ne a hannu.

Gwajin tantance uba: me yake karantawa

Duk mutum biyu da ka ɗauko a duniya haruffansu sun yi daidai wajen kashi 99.9 cikin 100, don haka ba a karanta duka. Akwai wurare a zaren da 'yan haruffa ke maimaita kansu, misali GATA GATA GATA, wani sau 8 wani sau 12. Ana auna wajen gurbi 20 irin wannan, a kowanne yaro na da lamba biyu, ɗaya dole ta uwa ɗaya dole ta uba. Alec Jeffreys ne ya gano asalin dabarar a jami'ar Lesta ta Ingila a 1984, kuma shari'ar farko da aka yi amfani da ita a 1985 ta wani yaro ce ɗan asalin Gana da jami'an shige da fice suka yi shakkar ɗan matar da ta ce ta haife shi ne, gwajin ya tabbatar nata ne.

Gwajin yana da ƙarfi sosai amma yana da iyaka. Tabbatarwa ba ta kai 100, za ka ga 99.99. Saɓani a gurbi ɗaya bai isa a kore uba ba, don wajen kwafa maimaicin kan zame ya ƙaru ko ya ragu da ɗaya. 'Yan biyu masu kama ɗaya gwajin da aka saba yi ba ya raba su, kuma in wanda ake zargi ɗan uwan mijin ne na jini dole a faɗa wa lab, abin lura ne a inda auren zumunci ya yi yawa. Sai kuskuren ɗan Adam, musanya samfuri ko kayan gwajin gida da ba wanda ya shaida daga bakin wa aka gogo. Su kuma alƙaluman da kamfanonin gwaji ke fitarwa ake ta yaɗawa, na waɗanda suka je ne, kuma yawanci mai shakka ne ke zuwa, ba hoton dukkan gidaje ba ne.

Kama kuwa ba hujja ba ce, kama da wane ba ta wane. Ƙwayar gado na iya ɓuya a jikin iyaye ta fito a jika, kuma akwai hadisin mutumin da ya zo yana shakkar ɗansa saboda launin fata, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi misali da raƙumansa, cewa wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi.

Kan ko za a kore ɗa da wannan gwaji kuwa, ra'ayi ya rabu. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, a zamanta na Makka a Janairun 2002 ta yarda a yi amfani da DNA wajen jariran da suka cakuɗe a asibiti, da yaran da suka ɓata, da gawar da ba a gane ba, da wanda ba a san nasabarsa ba, amma ta hana a kore ɗan da aka haifa cikin aure da shi ko a fifita shi kan li'anin da ya zo a Suratun Nur aya ta 6 zuwa 9, bisa ƙa'idar ɗa na mai shimfiɗa ne. Wasu malaman zamani na ganin matar da miji ya zarga tana da damar neman gwajin ta wanke kanta da ɗanta, suna kuma kwatanta shi da ƙiyafa, wato gane nasaba ta hanyar gwanayen duba kamanni, da magabata suka karɓa. A dokar Najeriya, sashe na 165 na Dokar Shaida ta 2011 yana ɗaukar ɗan da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan rabuwa, a matsayin na mijin har sai an kawo hujja, sashe na 63 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 kuma ya ba kotu ikon ba da umarnin gwaji. Masu goyon bayan yawaita gwajin suna maganar haƙƙin uba da na ɗa su san gaskiya, masu adawa suna duba yaron da za a raba da suna da gado da gida kan laifin da ba nasa ba.

Abin da ke ɓata haruffan

Tunda sinadari ne, wasu sinadaran na taɓa shi. Hasken rana mai ƙarfi kan manne T biyu da ke maƙwabtaka, shi ya sa zabiya da ba shi da launin da ke kare fata ya fi shiga haɗarin kansar fata. Jiki yana da masu gyara da ke bin zaren dare da rana, suna amfani da falle mai lafiya su gyara wanda ya lalace, wani amfanin zama biyu kenan, sai dai wani lokacin ɓarnar kan kuɓuce musu.

Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin rumbu. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin fumfuna mai fitar da gubar afalatoksin, hanta ta sarrafa ta sai ta koma wani abu da ke manne wa harafin G, wajen kwafa a sa T a gurbinsa, kuma an sha samun wannan canji a wuri ɗaya, gurbi na 249 na ƙwayar gadon p53 mai hana ƙari girma, a jikin masu kansar hanta a Gambiya da Mozambik da Sin. Wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ɗaya daga cikin abin da dokar Kano ta ce a gwada, haɗarinsa ya ninka sosai in gubar ta haɗu da cutar. Irin wannan canji a hanta yake tsayawa, ba a gadar wa 'ya'ya shi, ba kamar S ba da ke cikin ƙwan uwa da maniyyin uba. Suya da dafuwa ba sa kashe gubar yadda ake zato, don haka ƙuli-ƙuli da tunkuza da kunun gyaɗa duk suna iya ɗaukarta in gyaɗar ta lalace tun farko. Abin da ke rage ta shi ne a busar da amfanin gona sosai kafin a zuba a buhu, a ɗora buhunan kan katako ba a ƙasa ba, a tsince ƙwayoyin da suka yamushe ko suka canza launi a zubar, kada a ba kaji da shanu don tana biyowa ta nono, sannan akwai Aflasafe, maganin rage gubar da cibiyar binciken noma ta IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure.